Ido Lafiya Amma Gani Ya Rikice: Wata Alamar Farko ta Gigin-Tsufa

Gabatarwa

Ni Bafulatana ce haifaffiyar Yola, kuma a makaranta da kasuwar Jimeta na koyi Hausa. A ajin nazarin ma'ana an taɓa tambayar mu bambancin "gani" da "kallo" da "lura". Na ba da amsa irin ta ɗalibai, amma ban san zurfin bambancin ba sai da kakata ta fara rashin lafiya. A kan wannan ne 'yar maƙalar tawa za ta yi bayani.

Yadda abin ya fara

Kakata ba da mantuwa ta fara ba. Tana tuna sunayen jikokinta kaf, har da bashin da take bin mutane. Sai dai in ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi, hannun ya sauka a gefensa. In an zuba mata kindirmo a farin kwano, sai ta ce babu komai a ciki. Wata rana na shimfiɗa baƙar darduma a ƙofar ɗakinta, ta tsaya cik, ta ce da ni cikin Fulatanci, "Ke kishiyata, wa ya haƙa rami a nan?" Dariya muka yi, abin da har yau nake jin kunyarsa. Ranar da ta kasa gane hanyar fita daga kasuwar Jimeta, inda ta shekara talatin tana shiga, sai dariya ta ƙare.

Sau biyu aka canza mata tabarau. Wasu dangi suka ce sammu ne. Likitan ido ne ya ce ba yana, ba hawan jinin ido, a kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa.

Me ke faruwa a ƙwaƙwalwa?

Ido hoto kawai yake ɗauka. Fassara hoton aikin ƙwaƙwalwa ne, kuma yana farawa daga ɓangarenta na wajen ƙeya. A 1982 masana biyu, Ungerleider da Mishkin, suka nuna cewa daga nan saƙon yakan rabu hanya biyu. Ɗaya ta bi ta ƙasa wajen kunne, ita ke faɗa wa mutum mene ne abin da yake kallo. Ɗayar ta haura sama, ita ke faɗa masa ina abin yake, da nisansa, da zurfinsa, da kuma wanne zai mai da hankali a kai cikin tarin abubuwa. Idan ƙwayoyin wannan hanya ta biyu suka fara mutuwa, mutum zai kalla, zai gani, amma ba zai iya lura ba. Shi ya sa cunkoson kasuwa ya fi rikita kakata fiye da ɗakinta.

Cutar Alzheimer, wadda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906, yawanci da mantuwa take farawa. Amma akwai nau'in da ke fara cin bayan ƙwaƙwalwa, wanda Frank Benson da abokan aikinsa suka siffanta a 1988 a Amurka, kuma sau da yawa yakan kama mutum tun yana ɗan shekara 50 zuwa 65. Shi ne aka gano a jikin marubucin Ingila Terry Pratchett a 2007. Don haka ne likita ya sa kakata ta kwaikwayi zanen siffofi biyu masu shiga juna. Ta zana su nesa da juna, ta ce ai daidai ne.

A ganina kalmar "gigin-tsufa" kanta tana ruɗar mu, domin tana nuna kamar duk wanda ya tsufa dole ya gigice. Ba haka ba ne, cuta ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita sun kai miliyan 57 a 2021, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu irin tamu.

Abin da muka yi a gida

Likita ya gaya mana gaskiya cewa babu maganin da ke warkar da ita, amma ana iya sauƙaƙa rayuwa. Wani bincike na Jami'ar Boston a 2004 ya nuna masu cutar sun ƙara cin abinci da kusan kashi 25 cikin ɗari da aka zuba musu a jan faranti. Mu ma muka sayo mata jan kwano. Muka ɗauke baƙar dardumar, muka shafa farin fenti a bakin dokin ƙofa, muka bar fitila a hanyar banɗaki da dare. In zan ba ta abu, a hannunta nake sa mata, in faɗi sunansa. Kasuwa kuwa ba mu hana ta ba, sai dai ƙanena ke raka ta da sassafe kafin mutane su cika, ta riƙe kafaɗarsa, ita ce kuma ke yin cinikin.