Matakan Sauya wa Laftof Ma'ajiya Mai Girma da Sauri

Idan kwamfutarka sai ka shanye kofin shayi kafin ta gama tashi, fara tuhumar faifan ajiyarta. Tsofaffin laftof na zuwa da faifai mai juyawa, zagaye 5,400 a minti, wanda da ƙyar yake karanta megabait 100 a daƙiƙa. Sabuwar ma'ajiya irin ta SSD mai hanyar SATA kuwa tana kai wajen 550, kuma babu abin da ke motsi a cikinta. Ga mazaunin Akanda da kwamfutarsa ke shan jijjigar tasi tsakanin Angondjé da tsakiyar Libreville, wannan kaɗai ya isa dalilin sauyi.

Mataki na farko, kuma nan ne kuɗin mutane ke salwanta: ka san irin gurbin da kwamfutarka ke da shi kafin ka taka kasuwa. Juya ta, ka rubuta lambar samfurinta, ka nemi littafinta a intanet. Wasu gurbin inci 2.5 suke da shi. A nan ka lura da kauri, domin akwai milimita 7 akwai 9.5, kuma mai kaurin ba ya shiga siririyar kwamfuta. Wasu gurbin M.2 ne, ɗan siririn allo, yawanci 2280, wato faɗin milimita 22, tsawo 80. Shi ma kashi biyu ne, SATA da NVMe. A ido kusan ɗaya suke, bambancin yankan da ke bakinsu ne, amma ba kowane gurbi ke karɓar duka biyun ba. NVMe a kan PCIe 3.0 tana kai wajen megabait 3,500 a daƙiƙa. Akwai kuma kwamfutocin da aka liƙe ma'ajiyarsu a jikin allo, kamar sababbin MacBook. Waɗannan sai dai faifan waje.

Na biyu, girma. Ni a ganina 256GB ta yi kaɗan yanzu. 512GB ta ishi ɗalibi da mai lissafin shago, mai tara bidiyo kuma ya nemi 1TB. Idan ka saka 1TB ka ga 931GB, ba a cuce ka ba, salon ƙidayar Windows ne.

Na uku, saye. Ko a kasuwar Mont-Bouët ne ko a shagon unguwa, ka nemi sunan da aka sani, irin su Samsung, Crucial, Kingston ko Western Digital, ka karɓi rasit. Jabu sun yi yawa: kwali ya ce 1TB, ciki ko kwata babu. Ka ce wa mai shago, "Alhaji, a jona mu gani." Manhajar CrystalDiskInfo za ta nuna lafiyar faifan da awannin da ya yi yana aiki, H2testw kuma ta tona ainihin girmansa. Wanda ya ƙi gwaji, ka yi masa sallama.

Na huɗu, ka kwafe takardu da hotuna zuwa wani wuri, ka kuma adana lambar buɗe BitLocker idan tana kunne. Sannan ka sa sabon faifan a akwatin USB, ka kwafe tsohon gaba ɗaya da Clonezilla, wadda kyauta ce. Batir ya zama cike, caja a jone. Ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki na nufin a sake daga farko.

Na biyar, kashe kwamfutar, cire caja da batir, ka taɓa wani ƙarfe don sauke lantarkin jikinka. Buɗe kwamfutar don musanya faifan, ka jera sukurorin a kan takarda yadda ka kwance su, tsawonsu ba ɗaya ba ne. M.2 a karkace take shiga, sai ka danna ta ƙasa a hankali ka ɗaure da sukuru guda.

Tsohon faifan kada ka goge shi sai ka yi wata guda kana aiki da sabon lafiya. Ka rufe shi a leda, ka ajiye a wuri busasshe, domin laima da iskar gishirin bakin teku na cin bakin jonawarsa.