Matakan Zaɓen Keken Tsere Mara Nauyi, Ko Gyara Wanda Ke Hannunka

A shekarar 2000 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta kafa doka cewa duk keken da za a shiga gasa da shi kada nauyinsa ya gaza kilo 6.8, kuma har yau dokar na nan. Ko keken da ɗan tsere Tadej Pogačar ke keta duwatsun Faransa da shi bai isa ya sauka ƙasa da haka ba. Su kuwa kamfanoni sun daɗe da iya ƙera wanda bai kai wannan nauyi ba. A 2020 Specialized ta fitar da Aethos, wanda firam ɗinsa mafi tsada gram 585 ne kacal. Mutumin da ya tashi da keken Rale ko Fonis, ranar da ya fara ɗaga irin wannan keke da hannu ɗaya, sai ya ji duniya babu abin da yake so kamar ya mallake shi. To, kafin ka kwance bakin lalita, bi waɗannan matakai yadda aka jera su.

Mataki na ɗaya: ku hau ma'auni kai da keken

Ƙafarka ba keke kaɗai take turawa ba, har da kai. A ce nauyinka kilo 70, keken kilo 8, ruwa da takalmi da hular kwano da famfo kilo 2. Jimla kilo 80 ke nan. Idan ka kashe kuɗi ka rage kilo ɗaya cur daga keken, abin da ka rage bai wuce kashi 1.25 cikin ɗari ba. A hawan dutse mai tsanani na awa guda, irin Alpe d'Huez mai tsawon kilomita 13.8 da lanƙwasa 21, ribarka ba za ta wuce daƙiƙa 45 ba. Ga ɗan tsere wannan babbar riba ce, don da ita ake cin gasa. Ga mai fita da asuba don motsa jini kuwa, gorar ruwa ɗaya cike ta kusa cinye ribar baki ɗaya. Rubuta lissafin nan a takarda da naka alƙaluman, ka sa a aljihu ranar da za ka je wurin mai sayarwa.

Mataki na biyu: dubi hanyar da kake bi

A shimfiɗaɗɗiyar hanya nauyi ba shi ne abokin faɗanka ba, iska ce. Da zarar gudunka ya kai kilomita 30 a awa, mafi yawan ƙarfinka wajen keta iska yake tafiya. Tarihin wasan ya nuna haka ƙarara. A ranar ƙarshe ta gasar Tour de France ta 1989, Laurent Fignon na gaban Greg LeMond da daƙiƙa 50, saura kilomita 24.5 daga Versailles zuwa Paris, kowa yana gudu shi kaɗai. LeMond ya ƙara wa kan kekensa wasu ƙarafa da ke ba shi damar miƙe hannuwa ya sunkuya, ya kuma sa hula mai tsinin ƙeya. Fignon ya fito kai ba hula. Ƙarafan nan nauyi suka ƙara wa keken, amma LeMond ya cinye gasar da tazarar daƙiƙa 8.

Don haka wanda hawansa a filayen Kano ko Maradi yake, keke mai yanka iska irin Canyon Aeroad ko Giant Propel ya fi masa amfani, ko da ya ɗan fi nauyi. Wanda ke fama da tuddan Jos, shi ne mai hujjar neman irin su Trek Émonda, Giant TCR ko Cervélo R5.

Mataki na uku: awo kafin suna

Keken da bai yi maka daidai ba kamar takalmin aro ne, komai kyansa sai ya cije ka. Kada ka dogara da lambar 54 ko 56 da aka manna, domin kowane kamfani da yadda yake awonsa. Nemi jadawalin awon firam ɗin, ka duba abu biyu, duka ana auna su daga mahaɗar feda: tsayin gaban keken, da kuma nisan miƙewa zuwa gaban. Kekunan tsere gabansu ƙasa yake, an yi su ne don mai laushin baya. In ba ka iya daɗewa a sunkuye, ɗauki mai ɗan tsayin gaba, babu abin kunya a ciki. Tsayin sirdi kuma, auna daga ƙasa zuwa matsematsinka, ka ninka da 0.883, ka fara daga nan kana gyarawa kaɗan-kaɗan.

Mataki na huɗu: sabo ko gyara?

Tambaya uku ce. Firam ɗin ya yi maka daidai? Babu tsagewa a jikinsa? Yana ɗaukar taya mai faɗin milimita 28? In duka amsarsu e ce, riƙe abinka ka gyara. In ɗaya ta zama a'a, musamman ta farko, kada ka zuba masa ko kwabo, tara kuɗin ka sayi wani.

Mataki na biyar: fara da taya da tif

A nan kuɗi kaɗan ke yin aiki mai yawa, kuma a nan mutane suka fi sakaci. Kamfanoni sukan matse kuɗi a tayar da suke sa wa sabon keke, sai ka same ta da tauri da nauyi, tana jan ƙasa. Taya mai kyau irin Continental GP5000 ko Vittoria Corsa za ka ji bambancinta tun kafin ka bar layinku. Tif ɗin roba na gama-gari kusan gram 100 ne, sabon samfurin nan na TPU kuwa wajen gram 35, ka ga ƙafa biyu sun rage maka sama da gram 100 a kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Sai dai facin bakin titi ba ya kama shi, dole ka riƙa yawo da nasa facin ko tif na ajiya.

Maganar faɗi ma ta canja. A da 'yan tsere kan ɗaura siririyar taya mai milimita 23 su ɗura mata iska har ta yi tauri tamau. Yanzu 28 ko 30 suke hawa da sassaucin iska, domin an gano taya mai tauri tsalle take yi a kan kwalta mai gargada, tana ɓarnar ƙarfi. Mai kilo 70 a kan taya 28 zai iya farawa daga awo 65 na psi. A titunanmu masu ramuka da ƙaya, ni a ganina taya mara tif wadda ake zuba wa ruwan toshe huji ta fi, amma zafi na busar da ruwan da wuri, sai an riƙa dubawa kowane 'yan watanni. Idan kuma rim ɗinka irin mara leɓe ne daga ciki, kada iska ta wuce psi 72.5, kuma ba kowace taya yake karɓa ba.

Mataki na shida: ƙafafu

Ƙafafun alminiyom da ke zuwa da keke mai matsakaicin kuɗi sukan kai gram 1,800 ko fiye. Na kabon masu kyau suna tsakanin 1,300 da 1,500. Rim mai zurfin milimita 35 zuwa 45 shi ne tsaka-tsaki, wanda ya fi haka zurfi kuwa iskar hunturu in ta bugo daga gefe sai ta riƙa fizgar maka kan keke. Kafin ka biya, tabbatar da irin birkinka, na faifai ne ko mai matse rim, da irin ƙarfen da ke ratsa tsakiyar ƙafar, da kuma mazaunin haƙoran baya, don haƙoran kamfanin SRAM masu giya 12 galibi ba sa hawa mazaunin kamfanin Shimano. Ka kuma tambaya ko wayoyin ƙafar na gama-gari ne. Waya ɗaya ta musamman in ta tsinke, tana iya ajiye maka keke har sai wani ya dawo daga Turai.

Mataki na bakwai: kayan giya, amma a hankali

Jerin Shimano daga ƙasa shi ne Claris, Sora, Tiagra, 105, Ultegra, sai Dura-Ace. Tsakanin Ultegra da Dura-Ace masu aiki da batir bambancin nauyin kusan gram 300 ne, canjin giyar iri ɗaya, kuɗin kuwa ba a magana. Daga 105 zuwa sama, abin da kake saya galibi ragin nauyi ne da suna. Abin da ya fi amfani shi ne yawan haƙora. Faranti 50 da 34 a gaba, da 11 zuwa 34 a baya, zai haurar da kai tudun da keke mai kilo 6.8 da giya mai tauri zai sa ka sauka ka tura. Mai birkin mai kuma ya kiyaye: Shimano man ma'adinai take sha, SRAM ta kekunan titi man DOT, in bakanike ya musanya su robobin ciki lalacewa suke.

Mataki na takwas: in na hannu za ka saya

Yawancin irin waɗannan kekuna na hannu suke iso mana. Alminiyom in ya bugu yakan lotsa a gani, kabon kuwa yana iya tsagewa daga ciki fenti na sheƙi. Wanke keken, kai shi rana, ka bi shi da ido da yatsa: wajen maƙalin sirdi, mahaɗar feda, da sandar baya ta gefen sarƙa. Sa a zare ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba a duba wuyansa, don in nan ya karye kana gudu, da fuska za ka sauka. Ƙwanƙwasa wurin da kake shakka da kwabo, in ƙarar ta mutu a wuri ɗaya, haƙura. Jabun firam masu ɗauke da manyan sunaye sun yi yawa, kuma araha ba ta ado, saboda haka duba lambar da ke ƙarƙashin mahaɗar feda ka tuntuɓi kamfanin. A 2023 Shimano ta yi kiran a kawo hannuwan feda na Ultegra da Dura-Ace masu giya 11 da aka ƙera kafin Yulin 2019 a bincika, saboda wasu na rabewa. Haruffa biyu a bayan hannun fedar ne ke nuna lokacin ƙira.

Mataki na tara: kayan ɗauri

Sirdi mai sauƙin nauyi, sandar sirdi ta kabon, notunan taitaniyom, duk a bar su sai ƙarshe, domin nan ne kowane gram ya fi tsada. Kafin su, sayi sifana mai awon ƙarfin ɗauri. Yawancin notunan kan keke da na sandar sirdi a wajen 5 Nm ake tsayawa, adadin na rubuce a jikinsu, kuma mai gyaran da ya saba ɗaure Fonis da ƙarfin damtse yana iya fasa kabon a juyi ɗaya. Haɗa da ma'aunin sarƙa. Ƙurar hunturu in ta gauraya da mai takan ci sarƙa da sauri, kuma a keke mai giya 11 ko 12 ana canja ta da zarar ma'aunin ya nuna 0.5, tun ba ta cinye haƙoran baya ba.