ƘWAYOYIN DA KE CIKIN TUMBIN DABBA: AMFANINSU DA HAƊARINSU

Akwai waɗansu halittu ƙanana ainun waɗanda ido ba ya iya ganinsu sai da madubin likita. Masana suna kiransu bakteriya. Wani mutumin ƙasar Holan mai suna Leeuwenhoek ne ya fara ganinsu a shekarar 1676. Jama'a da yawa sun ɗauka dukansu na cuta ne, amma ba haka abin yake ba. Mafi yawansu ba sa cutar da kowa, waɗansu ma rayuwar dabba da ta mutum ba ta yiwuwa sai da su. Ya kamata masu kiwo da mahauta da matan gida su san bambancin, musamman a gari irin Maiduguri, inda shanu da raƙuma da tumaki ke shigowa Kasuwar Shanu kullum, kuma ake turke raguna da awaki a cikin gidaje a unguwanni irin su Lamisula da Gwange da Hausari.

Aikinsu a cikin tumbi

Cikin dabba mai tuƙa, watau saniya da tunkiya da akuya, ɗaki huɗu gare shi, tumbi ne babbansu. Saniya ba ta da ruwan cikin da zai narkar da kara ko busasshiyar ciyawa. Ƙwayoyin da ke zaune a tumbinta su ne ke wannan aiki. Yawansu ya kai matuƙa, gama waɗanda ke cikin cokalin shayi ɗaya na ruwan tumbi sun fi mutanen duniya duka yawa. Suna ruɓar da ciyawa, su mai da ita wani irin tsami wanda ke ratsa bangon tumbi ya shiga jini, daga nan dabba ke samun wajen kashi 70 cikin 100 na ƙarfinta. Sa'an nan idan ƙwayoyin suka gangara cikin hanji, dabba ta narkar da su, su zama abincin gina jikinta. Ta haka ne harawa da dusa ke zama nama da nono. Ba a haifar ɗan maraƙi da su, yana samunsu ne daga lasar uwarsa da ciyawar da ya fara tsinka.

Ƙwayoyin nan iri-iri ne, kowane iri da abincin da ya saba da shi. Idan aka cika rago da hatsi rana ɗaya, kamar yadda masu kiwon layya kan yi don ya yi saurin ƙiba, masu son hatsi sai su rinjayi sauran, tsami ya yi yawa, masu narkar da ciyawa su mutu. Ragon ya daina tuƙa, ya kama zawo, wani lokaci ya mutu. Haka kuma ledar da dabba ta haɗiya a bola tana cushe tumbi, ta hana ƙwayoyin aiki, sai a ga dabba tana ramewa.

A cikin ƙasa da ruwa

Idan kashin dabba ya isa gona, ƙwayoyin ƙasa ne ke ruɓar da shi ya zama taki. Akwai kuma masu zama a ƙulle-ƙullen saiwar wake da gyaɗa, suna jawo sinadarin naitirojin daga iska su ba shuka. Shi ya sa gonar da aka haɗa gero da wake ba ta saurin gajiya. Ƙwayoyi ne kuma ke mai da madara kindirmo.

Inda haɗarin yake

Abin da ke zaune lafiya a cikin hanjin dabba yana iya zama cuta a cikin mutum. Salmonela da wani irin E. coli suna fita tare da kashin dabba ko da ita lafiyarta lau, su jawo wa mutum zazzaɓi da zawo, har da na jini. Ƙwayoyin bakkale, mai sa shanu ɓari, da na tarin fukan shanu suna bin madarar da ba a tafasa ba. Hanyoyin sanannu ne: hanjin da ya fashe a kan nama a mayanka, ruwan wankin kayan ciki da ya malala cikin kogi, turken da ke dab da rijiya, da ƙudaje.

Ruwan sama yana ƙara tsananta lamarin. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, Kogin Ngadda ya yi ambaliya cikin Maiduguri, kamar yadda ya taɓa yi a 1994. Ruwa ya gauraya masai da turaku da rijiyoyi, kuma a watan Oktoba Gwamnatin Jihar Borno ta ba da sanarwar ɓarkewar kwalara. Ita kwalara daga bayan gidan mutum take fitowa, amma hanyarta da ta cututtukan dabba ɗaya ce, watau gurɓataccen ruwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Haɗari na biyu shi ne yi wa dabba allurar kashe ƙwayoyi ba da izinin likita ba. Maganin yana kashe masu amfani tare da masu cuta, waɗanda suka tsira kuwa su daina jin magani. Ranar da irinsu suka kama mutum, maganin asibiti yana iya kāsa warkar da shi.

Abin da ake bukata ga kowa

1. A riƙa sauya wa dabba abinci kaɗan-kaɗan cikin mako 2, kada a raba ta da ciyawa ko harawa.
2. A hana dabbobi kiwo a bola.
3. A nisanta turke da masai daga rijiya, a gina wa rijiya baki, a rufe ta.
4. A tara kashin dabba a rami ya ruɓe sosai kafin a kai shi lambu.
5. Mahauta su fiɗe dabba a wuri mai tsabta, su wanke kayan ciki nesa da nama da kogi.
6. A tafasa madara, a dafa nama sosai, a wanke hannu da sabulu bayan taɓa dabba.
7. Kada a ba dabba magani sai da shawarar malamin dabbobi, kada kuma a yanka ta ko a sha nononta sai kwanakin da ya faɗa sun cika.
8. Mai zawo a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti da sauri.

Duk mai neman ƙarin bayani sai ya tuntuɓi ofishin dabbobi na ƙaramar hukumarsa, ko asibitin dabbobi na Jami'ar Maiduguri. Rigakafi ya fi magani.