DARASI: Yadda Guluwwi Yake Shiga Ƙasashe Ta Hanyar Intanet

Ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako a kan guluwwi ne.

Ma'anar guluwwi a Larabci ita ce ƙetare iyaka. Daga tushen wannan kalma ne Larabawa suka samo sunan tsadar kaya, watau farashi ya wuce kima. Allah ya hana shi cikin Suratun Nisa'i, aya ta 171. Shi ne ya kai Hawarijawa ga kafirta Sahabbai, har ɗayansu ya kashe Sayyidina Aliyu a shekara ta 40 bayan Hijira. Cutar daɗaɗɗiya ce, amma yanzu ta sami intanet, kuma kowace ƙasa da ƙofar da take shigar mata.

A ƙasashen Turai, ƙofar ita ce kaɗaici. Bayan da ƙungiyar Da'ish ta yi shelar halifancinta a 2014, sai ta riƙa fitar da mujalla cikin Ingilishi, tana farautar samari ɗaya bayan ɗaya a Twitter, sa'an nan ta ja su zuwa Telegram don zancen asiri. Ta haka 'yan mata uku 'yan makaranta suka bar Landan zuwa Siriya a 2015, iyayensu ba su sani ba.

A wasu wuraren kuma Musulmi ne abin hari. A Miyanma, a Facebook aka yi ta hura wutar ƙin Rohingya, har a 2017 fiye da mutum 700,000 suka gudu Bangaladash. A Niyu Zilan, wanda ya kashe masallata 51 a 2019 ya nuna ta'asarsa kai tsaye a Facebook.

To, mu a nan ƙasar Hausa da Barno ƙofarmu kunne ce. Wa'azin Muhammadu Yusufu, wanda aka kashe a 2009, ya yaɗu ne ta kaset da faifai, daga baya ya koma cikin wayoyi, aboki yana tura wa aboki. Ko mubaya'ar da Shekau ya yi wa Da'ish a 2015, da saƙon murya ya yi ta. Wanda bai iya karatu ba yana iya saurare, kuma abin da ya fito daga hannun ɗan'uwa ba a cika tuhumarsa ba. Har ila yau, kamfanonin nan sun fi iya tace Ingilishi da Larabci bisa ga Hausa da Barbarci, balle muryar da ke yawo a WhatsApp, wadda ba mai jin ta sai wanda aka aika wa.

Saboda haka maganin Landan ba zai wadatar da Maiduguri ba. Tun da da murya aka shigo mana, lalle ne malamai su mai da martani da murya, cikin harshen jama'a, da hujja bayyananniya. Iyaye su san malamin da 'ya'yansu suke saurare. Kai kuma mai waya, tuna umurnin da ke cikin Suratul Hujurati, aya ta 6, na bincika labari kafin a yi aiki da shi. In ka ji mai wa'azi yana saurin kafirta Musulmi, yana halatta jini, kada ka tura wa kowa, kai wa malami masani ya duba.

Allah ya kiyashe mu da fitina, ya tabbatar da mu bisa tafarki madaidaici, amin.