Hakiya da Gilashin da Ake Mannawa a Ido

Da wuya a sami ƙauyen da babu mutum ɗaya ko biyu masu farin tabo a kan baƙin ido. Hakiya muke ce da shi. Wasu sun same ta tun suna yara bayan kyanda. Wasu a gona suka same ta, kara ko ganyen dawa ya tsone su. Wasu kuma iyayenmu mata ne da ciwon amosanin ido ya juyar musu da gashin ido ciki, ya yi ta gogar idon shekara da shekaru. A yanzu akan sami wanda ya je asibitin ido a birni ya dawo da wani ɗan ƙaramin gilashi wanda ba a rataya shi a kunne, a kan idon ake manna shi. Bayan mako biyu sai ka tarar ya jefa shi cikin akwati, wai yana sukarsa. Wani kuwa sai ya yi ta jimrewa da zafin da bai kamata a jimre ba, har idon ya lalace. Darasinmu na wannan fitowa a kan bambanta waɗannan biyun yake.

Tagar ido

A gaban baƙin ido akwai wata fata garau kamar ruwa, wadda likitoci ke kira koniya. Mu kira ta tagar ido, domin ta nan haske ke shiga. Kaurinta wajen rabin milimita ne, faɗinta kuma milimita 11 zuwa 12. Ba ta da jijiyar jini. Yawancin iskar da take bukata daga waje take samu, ta cikin hawayen da ke jiƙa ta. Amma tana cike da jijiyoyin jin zafi, shi ya sa ƙwayar ƙasa ɗaya takan hana ƙato aiki. Wajen kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske a ido, ita ke yinsa.

Kada mu haɗa hakiya da yanar ido. Yana tana can ciki, bayan baƙin ido, kuma ana cire ta da tiyata mutum ya koma gani. Hakiya tabo ne a kan tagar, kamar tabon ƙuna a hannu. Idan ta daɗe, babu maganin ɗigawa da zai goge ta. Mai tallar kwalba a ranar kasuwa da ya ce nasa yana wanke hakiya, kuɗinku yake so.

Me ya sa tabarau ba ya yi wa wasu aiki?

Ku zuba ruwa a kwano ku bar shi ya kwanta, za ku ga fuskarku sarai. Ku girgiza shi, sai fuskar ta karkace. Haka tagar ido take. Idan miki ya warke ya bar ta da tudu da kwari, haske yakan warwatse, mutum ya ga fitila ɗaya ta zama uku, ko rubutu yana da inuwa. Tabarau yana nesa da ido, ba ya iya daidaita wannan tudu da kwarin. Gilashin manne mai tauri kuwa yana zama a gaban tagar, hawaye su cike tsakaninsu, sai gaban idon ya koma sumul. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A 1888 wani likita mai suna Adolf Fick a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan ya gwada irin wannan gilashi, kuma domin masu karkatacciyar tagar ido ya yi shi, ba domin ado ba.

Ban da masu tabo, akwai matasa da tagar idonsu takan yi siriri ta turo gaba kamar tsinin ƙwai. Ana kiran cutar keratokonas. Tana da dangantaka da yawan murza ido, musamman ga yaran nan masu ƙaiƙayin ido kullum, waɗanda farin idonsu ya koma ruwan ƙasa. Ɗalibin da ake canza wa tabarau kowace shekara amma bai ga allo da kyau ba, a kai shi a duba tagar idonsa. Akwai aikin da ake yi don tsayar da cutar idan an gano ta da wuri.

Sai dai gilashin yana da iyaka. Idan hakiyar fara ce fat, mai kauri, a tsakiyar ido, haske ba zai wuce ba ko da wane gilashi aka sa. A nan sai likita ya duba ko dashen sabuwar taga zai yiwu, aikin da aka fara yin nasararsa a 1905, wanda kuma ke bukatar tagar da wani ya bayar bayan rasuwarsa. Wuraren ƙwararru irin su Asibitin Ido na ECWA a Kano da Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna za su iya faɗa wa mutum abin da ya dace da idonsa.

Damuwar da ake sabawa da ita

Ƙaramin gilashi mai tauri, mai faɗin milimita 9 zuwa 10, yana motsi duk lokacin da aka ƙifta ido. A kwanakin farko mutum zai ji kamar akwai abu a idonsa, hawaye su zubo. Fatar ido ce ke jin bakin gilashin, kuma takan saba. Shi ya sa ake farawa da 'yan sa'o'i a rana, ana ƙarawa kaɗan kaɗan har makonni. Wanda ke sa shi ranar Lahadi kaɗai ba zai taɓa sabawa ba.

Idan makonni sun wuce babu sauƙi, a koma wurin wanda ya gwada shi. Yawanci gilashin ne bai zauna daidai ba, yana danne tudun tabon ko yana zamewa. Canza shi sau biyu ko uku kafin a dace ba abin mamaki ba ne ga ido mai tabo, don haka tun farko a tambayi kuɗin komawa, a kuma yi lissafin kuɗin mota. Wani lokaci akan sa gilashi mai laushi a ƙarƙashin mai taurin ya zama kamar matashi. Akwai kuma babba, daga milimita 15 zuwa sama, wanda ba ya taɓa tagar ko kaɗan, a kan farin ido yake zama. Ana cika shi da ruwan gishiri na asibiti kafin a sa. Ya fi daɗin sawa, ƙura ba ta saurin shiga ƙarƙashinsa, amma ya fi tsada kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Idan kumfar iska ta maƙale a ciki, ko gani ya yi hazo da rana, a cire a wanke a sake cikawa.

Hunturu da hayaƙin murhu suna busar da ido. A sa tabarau na rana a kan gilashin idan za a hau babur. Ranar sussuka da sheƙa gara a bar shi a gida. Kada a ɗiga wani magani a kansa sai wanda asibiti ta ce ya dace da shi. Wanda gashin idonsa ya juya ciki, sai an fara gyara fatar idon da ƙaramar tiyata.

Zafin da ba a jimrewa

Ga ma'aunin da kowa zai iya riƙewa: a wanke hannu a cire gilashin. Idan damuwar ta tafi cikin ɗan lokaci, ƙila ƙura ce ko bushewa. Idan kuwa zafin ya ci gaba bayan an cire, ko idon ya yi ja, ko yana gudun haske, ko yana kwantsa, ko gani ya ragu, ko wani sabon farin ɗigo ya fito a kan baƙin ido, to miki ne ake tsoro. Kada a mayar da gilashin. A tafi asibitin ido a ranar, a tafi da gilashin da gidansa. Wasu ƙwayoyin cuta suna iya cinye tagar ido cikin kwana biyu ko uku. Mai ido ɗaya mai gani kada ma ya jira gari ya waye idan akwai hanyar tafiya.

A lura kuma, wani tabon yakan kashe jijiyoyin jin zafi, miki ya kama mutum bai ji komai ba. Don haka a duba madubi kowace safiya, a rufe ido ɗaya a gwada ganin ɗayan.

Abin da ya fi kawo mikin shi ne ruwa da barci. A cikin ruwan rijiya, rafi, famfo da randa akwai wata ƙwayar cuta mai suna akantamiba wadda ke maƙalewa a gilashi, kuma tana da wuyar magani ƙwarai. Ruwan leda ma ba na wanke gilashi ba ne, haka yawu, haka ruwan gishirin da aka dama a gida. Sai ruwan wankinsa na musamman, sabo kowane dare, ba a ƙara sabo a kan tsoho. A canza gidan gilashin duk wata uku. Ba a wanka da shi, ba a barci da shi, domin rufaffen ido da gilashi a kai ba ya samun isasshiyar iska. A ganinmu, gidan da ba zai iya sayen ruwan wankin a kai a kai ba, gara ya faɗa wa likita tun kafin a biya kuɗin gilashin, a nemi wata hanya.

Kada a ɗiga nono, ruwan sukari, ruwan albasa, fitsari ko ruwan ganye a idon da ke ciwo. Kada kuma a sayi maganin ɗigawa a kemis ba da takardar likita ba. Wasu suna ɗauke da sinadarin da ake kira sitiroyid, wanda ke kwantar da jan ido yayinda mikin ke ci gaba da ci a ɓoye, musamman mikin da kara ko ƙaiƙayin hatsi ya jawo.

Idan a taron zumuntar mata ko na matasa kuke karanta wannan, ku tsaya ku ƙirga masu hakiya da kuka sani, ku tambayi juna yadda kowannensu ya same ta. Nawa ne daga kyanda? Allurar kyanda ana fara ta a wata 9, sinadarin bitamin A kuma ana ba yara daga wata 6 zuwa shekara 5, duk bayan wata shida. Manja, zogale, gwanda, mangwaro da ƙwai suna taimakawa, kuma yaron da ke dundumi da dare yana bukatar a kai shi asibiti. Nawa ne daga amosanin ido? Wanke fuskar yara da rage ƙudaje da amfani da masai suna cikin matakan da suka kai Ghana ga kawar da shi a matsayin matsalar lafiyar jama'a a 2018. Sa'an nan ku bincika wane asibiti mafi kusa da ku ke da ma'aikacin ido, waɗanne ranaku yake zama, da wanda zai ɗauki mutum a babur idan abu ya tsone shi a gona lokacin kaka.