Kafin ka kama hanyar Alƙalawa

Alƙalawa kufai ce yau, amma nan Bawa Jan Gwarzo ya mulki Gobir, nan kuma sarautar Yunfa ta ƙare a 1808. In za ka je daga Kurawa ko Sabon Birni, fara tambayar direbobin tasha lafiyar hanya, saboda 'yan bindiga. Suka ce a dakata, to ka dakata.

Bari sai rani. Da damina fadamar gulbin Rima laka ce zalla. Yi sammako, riƙe da gorar ruwa da malafa. Gaida mai gari tukuna, ya haɗa ka da dattijon da ya san wurin, in ba haka ba ƙasa da ƙaya kawai za ka gani. Kada la'asar ta same ka can.