Kafin ka ɗora buhu a mota, duba asusunka

Ina sana'ar POS tun kafin ƙarancin takardun naira na farkon 2023, tsakanin Ƙanƙara da kasuwar dabbobi ta Sheme a Faskari, wani lokacin har Sabuwa. Tambayar da aka fi yi mini ita ce: wace hanyar tura kuɗi ta fi? A wajenmu amsar tana hannun sabis.

Manhajar banki ta babbar waya ta fi kowace cika aiki. Tana nuna maka sunan wanda za ka tura wa, ta ba ka rasit, ta ajiye tarihin kowace hulɗa. Sai dai tana son data mai ƙarfi, kuma da ka bar bakin titi ka nutsa ƙauye sai ta tsaya tana juyi. Manhajojin OPay, PalmPay da Moniepoint sun samu karɓuwa a kasuwanninmu saboda sauƙin buɗe asusu da saurin shigar kuɗi.

Lambobin dannawa kuwa, irin *894# na First Bank, *919# na UBA ko *901# na Access, ko a ƙaramar waya suna aiki, ba ruwansu da data. Ana cajin naira 6.98 a kowace shiga, ban da kuɗin taransifar. Ni wannan hanyar nake zaɓa wa dattawan da ke kawo hatsi. Amma fa duk wanda ya riƙe layinka kuma ya san lambar sirrinka, ya riƙe kuɗinka. Hanyoyinmu ba sai na faɗa ba, ana ƙwace waya. Saboda haka ka sa wa layin kansa lambar kulle, kuma ka tambayi bankinka lambar da ake dannawa a rufe asusu daga wayar wani. Ka rubuta ta a takarda, ka bar ta a gida.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne alat na bogi. Wata ranar kasuwa wani dattijo ya zo rumfata zai ciri kuɗin masara buhu huɗu. Ya miƙo mini wayar da saƙon a buɗe, sunan banki da adadi duk daidai. Muka duba asusun, ko sisi bai shiga ba. Motar da ta ɗauki masarar ta riga ta tashi.

"Ɗana, ai ga shi a rubuce," ya ce.

Na ce, "Baba, saƙo kowa na iya rubuta shi. Ragowar kuɗin asusu ake dubawa."

Idan kuma an cire maka kuɗi bai isa ba, kada ka yi saurin sake turawa. Riƙe lambar hulɗar, kira bankin da ita. Wanda ya ga rufe layukan waya na Satumba 2021, lokacin da manhaja da lamba da na'urarmu duk suka mutu tare, ya san amfanin ajiye ɗan tsabar kuɗin mota zuwa inda akwai sabis.